Juma'ar da Baba Ya Yi wa Tuta Alkawari

Shekara goma sha tara na yi ina tsayar da 'ya'yan mutane a gaban tuta kowace safiya, ina ɗaga murya suna bi na, kuma ban taɓa tsayawa na saurari abin da nake faɗa ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Da an kaɗa tsohon wilin motar da ke rataye a jikin dalbejiya, yara za su jeru, a ja tuta sama, a rera taken ƙasa, sannan kowa ya ɗaga hannun dama mu karanto alkawarin biyayya ga ƙasa da Turanci. Yaran ba su san me suke cewa ba. Ni na sani, amma a daidai lokacin hankalina yakan tafi ga tayar babur ɗina ta baya, ko za ta kai ni gida. A haka muka yi ta kishin ƙasa ni da yaran, ba wanda ya taɓa yin ko ciwon kai.

Mahaifina manomin rani ne, kuma tumatir ne abin da ya sani. Gonarsa tana kan wata ƙaramar magudana da ta ɓalle daga babbar wadda ke kawo ruwa daga Tiga. Mu ashirin da 'yan kai ne a kan wannan layin. Ruwanmu ranar Juma'a ne. Da hantsi mai get, wato mai kula da ƙofar ruwa, zai murɗa ƙarfensa ya buɗe, ruwa ya gangaro, na farkon layi su fara sha, a yi ta bi gona gona har a kai ƙarshe. In naka ya zo sai ka cika tiyo da ruwa, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka jefa shi ta kan gaɓa, ruwa ya dinga zuba cikin fangalinka. Gonar Baba ita ce ta biyun ƙarshe. Ta ƙarshe ta wani dattijo ce mai noman albasa, abokin Baba tun suna samari, mutumin da ba ya magana sai in ta kama dole. Su biyun nan duk abin da na gaba suka rage shi suke sha, kuma na gaba ba su cika yin rowar sha ba.

Muna da ƙungiya, don ba a zama babu ƙungiya. A shekarar da nake ba da labari muka zaɓi sabon ciyaman, wani matashi mai gona a farkon layi, mai jiki da murya, wanda kowa ya san idonsa yana kan kujerar kansila. Bai yi wata biyu ba aka kira shi bita a Kano. Kwana uku ya yi. Ya dawo da jaka mai tambari, da hular hana sallah, da tuta sabuwa fil a cikin ledarta, da kuma maganin duk matsalolinmu.

Ya tara mu a bakin get ya yi jawabi. Mu a jahilcinmu mun ɗauka abin da ke hana ruwa isa ƙarshen layi shi ne ciyawar kacalla da ta cinye magudana, da laka da ta yi shekara uku ba a yashe ba, da wani injin ban ruwa da ke kwana yana tashi a farkon layi yana zuƙa ba ranar Juma'a ba kaɗai. Ashe duk ba haka ba ne. Rashin kishin ƙasa ne. Ciyaman ya ce a wurin bita an nuna musu a majigi yadda mutanen wasu ƙasashe ke tsayawa ƙyam a gaban tutarsu, shi ya sa ruwansu ba ya yankewa. Yana cikin wannan bayanin injin nasa yana ta tatata a bayansa, har sai da ya ƙara murya don mu ji shi da kyau.

Doka ta fito. Daga ranar, kowace Juma'a kafin a buɗe get, za a ja tuta, a jeru, a karanta alkawari, sannan a kira suna. Wanda bai tsaya a layi ya ɗaga hannu ya faɗa ba, ba a kiran sunansa, kuma wanda ba a kira sunansa ba ruwa ya wuce gonarsa. Aka samo bututun wani famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu tun zaɓen da ya wuce, aka kafa shi, ya zama sandar tuta. Ko ba komai famfon ya yi wa jama'a amfani a ƙarshe.

Da aka zo neman wanda zai ja baƙi, duk ido ya dawo kaina. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Malamin firamare ba kullum ake tunawa da shi ba. Na gyara wuyan riga na ce ai wannan aikinmu ne.

A teburin mai shayi aka yi sati ana tafka mahawara. Wani ya ce haramun ne, ba a rantsuwa da wani abu in ba Allah ba. Wani ya ce ai ba rantsuwa ba ce, alkawari ne, kuma ƙarshenta ma roƙon taimakon Allah ake yi. Wani ya ce shi in za a ba shi taki, ko buhun takin aka rataye zai ɗaga masa hannu. Aka yi dariya, aka sha shayi, kuma da Juma'a ta zo duk suka jeru, har mai cewa haramun ne, shi ne ma a sahun gaba saboda barkononsa ya fara fure. Ina faɗa suna bi. Tsofaffi masu furfura suna ta tauna Turanci kamar an ba su ɗanyen rogo. Wani Bafulatani da ya kawo shanunsa shan ruwa a ɗaya gaɓar ya dogara da sandarsa yana kallonmu har muka gama, sannan ya kaɗa shanunsa ya tafi.

Mutum ɗaya ne bai shiga layi ba. Baba yana zaune a kan gaɓa, tiyo huɗu a kafaɗa, yana jan carbi.

Ciyaman ya matsa kusa da shi, ya ɗan rusuna, don yaro ne mai ladabi in akwai jama'a. Ya ce, "Baba, ai da ka taso an yi da kai."

Baba ya ce, "Me ake yi?"

"Alkawari muke yi wa ƙasa."

"To madalla. Alkawarin me?"

Ciyaman ya waiwayo ya dube ni. A nan na gane shi ma bai sani ba. Ya ce, "Na kishin ƙasa ne dai, Baba. Ka faɗi abin da Malam ya faɗa, shi ke nan."

Baba ya ce, "Ɗan nan, ni ban taɓa cinikin biri a sama ba. Ku buɗe ruwanku."

Ya kamata in faɗi wani abu game da Baba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin kalmar wallahi a bakinsa ba. A kasuwar Kwanar Gafan, inda dillalai ke rantsuwa sau goma kafin a sauke kwando ɗaya daga mota, shi yakan faɗi kuɗinsa ya yi shiru. In muka yi rantsuwa muna yara, ko a kan gaskiya ne, sai mun sha dundu. Yakan ce wanda ya cika rantsuwa shi ya san abin da ke damun maganarsa. Ko "zan zo gobe" ba ya cewa sai ya haɗa da in Allah ya yarda, kuma in ya faɗa, to ko ana ruwan ƙanƙara za ka gan shi. Muna alfahari da wannan halin nasa, musamman da yake har lokacin bai taɓa jawo mana asara ba.

Aka kira suna, aka tsallake nasa. Ranar ruwa ya gangaro, ya bi ta gefen gonarsa, ya wuce zuwa gonar albasa. Baba yana zaune a gindin zogalen da ke kan iyaka yana kallonsa yana wucewa. Tumatir ɗinsa na ƙarshen kaka ne, ya yi dashe a makare don ya riski lokacin da kaya ke tsada, kuma a makon ne ya fara fure. Zafi ya soma leƙowa. Duk wanda ya san tumatir ya san in fure ya ji ƙishi zubewa yake yi, kuma furen da ya zube ba ya komawa. Abin da gidanmu zai ci har damina yana jikin furen nan.

Da yamma na same shi a soro na ce, "Baba, wannan abin fa ba komai ba ne. Kamar waƙa ce. Kullum muna yi da yara a makaranta."

Ya ce, "Waƙa ce ake ɗaga mata hannun dama?"

"Al'ada ce kawai ta gwamnati. Ba wanda zai zo ya tambaye ka."

Ya dube ni. Malam yake kira na tun ranar da na kama aiki, kuma ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko zolaya ba. Ya ce, "Malam, juya min ita da Hausa."

Na gyara zama, na fara. Sai na tarar dole in rera ta a zuci da karin da muke yi a makaranta kafin in kamo kowane layi, don ban taɓa raba ta da karin ba. Na ce masa mutum yana ɗaukar wa ƙasarsa alkawari ne cewa zai riƙe amana, zai yi biyayya, zai yi gaskiya. Zai yi mata hidima da iyakar ƙarfinsa. Zai kare haɗin kanta, ya tsare mutuncinta. Sannan ya roƙi Allah ya taimake shi a kan haka.

Baba ya ce, "Da sunan Allah a ciki."

Na ce, "A ƙarshe ne kawai."

Ya ce, "Iyakar ƙarfinsa. Kuma wannan kayan kake ɗora wa 'yan shekara shida kowace safiya?" Ya girgiza kai. "Maganar ba ta da aibu. Nauyi gare ta. Bari in duba ko zan iya."

Mutumin da ya kai shekara saba'in zai je ya duba ko zai iya riƙe gaskiya, alhali ciyaman ya iya tun ranar farko, ko tuntuɓe bai yi ba. Haushi ya kama ni. Na ce a raina, kowa ya bi, har liman ya bi, sai kai ne za ka fi kowa tsoron Allah a kan layin ruwa. Ban faɗa a fili ba, don ina son haƙorana.

Juma'a ta biyu ta zo, Baba bai gama dubawa ba. Na ja baƙi, aka kira suna, aka sake tsallake shi. Na hau babur na tafi makaranta, na sake jan wani baƙin, sau biyu ke nan a safiya ɗaya na yi alkawarin gaskiya da amana. Da aka tashi na biya ta gona. Ganyen tumatir ya yi yaushi ya sunkuya, ƙasa ta tsattsage, fure rawaya a zube a gindin kowane tushe. Wallahi tausayi ya kama ni, na tumatir ɗin da na Inna da ke gida tana jiran kaka.

Akwai wata al'ada a layinmu da ta girmi ƙungiya. Ruwa yakan iso ƙarshen layi ne daidai lokacin tafiya masallaci. Saboda haka wanda nasa ya faɗo a lokacin sai ya jera tiyonsa ya bar su suna zuba, ya tafi sallar Juma'a hankali kwance. Ba a gadi. Ba a taɓa jin wanda ya taɓa ruwan wani a lokacin huɗuba ba, ko a shekarun da aka yi faɗa da fartanya a kan ruwa. Ranar dattijo mai albasa ya jera nasa ya tafi, shi da Baba a kan keke ɗaya. Gonaki suka yi tsit, ba kowa sai balbela.

Ni kuma na makara da gangan. Na ɗauko tiyon Baba guda huɗu daga ƙarƙashin zogale, na cika, na jefa. Ruwan da ya kamata ya gangara gonar albasa ya karkato ya shiga tumatir. Na tsaya ina jin yadda ƙasa ke shan sa tana ƙara, ina gaya wa kaina ai dama haƙƙinmu ne aka hana mu, ai albasa tana da haƙuri, ai biyayyar iyaye wajibi ce. Malamin makaranta ba ya rasa hujja. Da na ji an kusa idarwa na zare tiyon, na mayar da su inda suke, na tafi wani masallacin da ke jinkirta sallah a bakin titi na samu raka'a biyu. Na fito ina jin kaina ɗa na gari.

Abin da ban lissafa ba shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɓoyuwa. Washegari da safe na raka Baba gona. Ya tsaya a kan iyaka ya dubi tumatir da ya miƙe ya yi shar. Ya tsuguna ya tura yatsa cikin fangali, ya ciro shi da laka. Ya taka zuwa gonar abokinsa, inda rabin fangulan albasa suke a bushe ƙamas, ya tura yatsan a can ma. Ya dawo ya goge hannu a jikin ciyawa. Bai dube ni ba, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Allah ya yi ruwa jiya, a gonata kaɗai."

Na ce, "Ikon Allah."

Satin nan dattijo mai albasa ya zo hira soro kamar kullum. Ya san abin da ya faru, don shi ma yana da yatsa. Bai ce uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'a ta uku Baba ya fito da farar rigarsa ta zuwa masallaci tun da sassafe, ya yi alwala, ya shafa turare. Inna ta tambaye shi ko ɗaurin aure za shi. Ya ce kusan haka. Da muka isa bakin get ya wuce kai tsaye ya shiga sahun gaba. Ciyaman ya washe baki har kunne, ya ce jama'a a shaida, kishin ƙasa ya yi nasara. Ni ma na yi ajiyar zuciya. Na ce a raina tsoho ya sauko, tumatir ya tsira, abin da ya wuce kuma ya bi ruwa.

Na buɗe baki zan fara sai Baba ya ce, "Dakata, Malam. Ni da Hausa zan yi, yadda ka juya min. Ka faɗa a hankali."

Ciyaman ya ce ba laifi, ai duk ɗaya ne. Na fara faɗa da Hausa, Baba yana maimaitawa shi kaɗai, hannunsa a sama, idonsa a kan tuta. Sauran jama'a suna saurare. Da yawansu ranar suka fara jin abin da suka yi sati biyu suna ɗauka, kuma na ga hannuwa biyu uku sun sauka a hankali sun koma cikin aljihu. Da ya zo wurin roƙon taimakon Allah sai ya shafa fuska.

Sannan bai sauke hannun ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

Ya ce, "To, na ɗauka. Tunda na ce zan yi gaskiya, bari in fara da ta kusa. Juma'ar da ta wuce, ana cikin huɗuba, an karkatar da ruwan maƙwabcina an zuba a gonata. Tiyona aka yi amfani da su. Ɗana ne ya yi, ga shi nan, mai ja mana baƙi. Ni ban sa shi ba, amma gonata ce ta sha, kuma jinkirina ne ya kai shi. Dokar layin nan tun kafin a haifi ciyaman, wanda ya sha ruwan wani ya rasa Juma'a biyu. A ba maƙwabcina nawa na yau da na sati mai zuwa."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Ina tsaye a gindin tuta, gaban mutanen da na koyar da 'ya'yansu, wasu ma su kansu na koyar, hannuna na dama har yanzu a sama don na manta ban sauke ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo.

Abin mamaki, wanda ya fi ni rikicewa ciyaman ne. Nan take ya zama mai tausayi. Ya ce haba Baba, ai ɗan Adam ajizi ne, ai yau ranar farin ciki ce, ƙungiya ta yafe, kada a tsananta. Yana magana yana satar kallon farkon layi, inda injinsa ke ta aikinsa. In aka fara ƙirga wa mutane Juma'o'in da suka sha na wani, shi sai ya yi shekara uku yana noma da ruwan buta.

Dattijo mai albasa ya ce shi ma ya yafe, wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ya yi a taro.

Baba ya ce, "Kai ka yafe naka, Allah ya saka. Ciyaman kuwa ba shi da abin yafewa, dokar ba tasa ba ce. Yanzu na gama cewa zan yi biyayya. Ko da wasa kuka sa ni na faɗa?"

Mai get ya dubi ciyaman, ciyaman ya dubi tuta, tuta kuwa ba iska ranar, tana nan a lanƙwashe a jikin bututun famfo. Aka buɗe ruwa. Ya bi ta gefen gonarmu ya wuce, karo na uku.

A gona na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce, "Baba, don kai na yi. Na shayar da gonarka, ka tsaya gaban duniya ka tona min asiri. Yanzu ga mutuncina ya zube, ga tumatir zai mutu. Wa ya ci riba? Ƙasar da ka yi wa alkawarin ta san kana yi? Ita me ta taɓa cika maka? Taki ko asibiti?"

Yana tsugune yana cire ciyawa a gindin tumatir ɗin da ya san ba zai rayu ba. Ya ce, "Wannan tsakaninta da Allah. Ni nawa aka tambaye ni." Ya jefar da ciyawar. "Kuma ai kai ka koya min, Malam. Shekara nawa kana faɗa. Na ɗauka ka fi ni sanin ta."

Na rasa amsa, saboda haka na yi fushi na kwana huɗu, abin da mai ilimi yakan yi ke nan.

Tumatir bai jira fushina ya huce ba. Zafin ya ƙaru. Furen da ya sake fitowa bayan ruwan satar ya zube, 'yan ƙananan da suka ƙulla suka yi baƙi a gindi suka ruɓe a jikin uwar. Kafin Juma'a ta huɗu ta wuce gonar ta koma launin taba. A shekarar kuwa kaya ya yi tsada irin wadda Baba ya hango, motoci suna zuwa har bakin gona suna roƙo. Mu kwando biyu muka tsinta, ƙanana masu tabo, Inna ta yanka ta shanya. Da damina ta matso sai da aka sayar da tumakinta biyu. Ba ta yi wa Baba magana a kai ba. Ni ta daina zuba wa nama a miya na wani lokaci, ba tare da wani bayani ba.

Ba a cire ni daga jan baƙi ba, kada wani ya ɗauka an yi adalci. Ba wanda ya iya Turancin sai ni. Na ci gaba da tsayawa a gindin tuta, ɓarawon ruwa mai shaida, ina karanta wa jama'a gaskiya da amana suna bi na. Injin ciyaman ya yi shiru na sati ɗaya, wai ana gyaran sa, sannan ya warke.

Har yau in aka tayar da mahawarar ko ya dace a sa mutane su dinga yi wa tuta alkawari, nakan ce a sa mana, me zai hana. Ba ya cin mai, ba ya cin taki, kuma yana motsa hannun dama. A dai kiyaye abu ɗaya, kada a kuskura a juya shi da harshen da mutane ke ji, don a cikin kowane ashirin ana iya samun tsoho ɗaya da zai ɗauka da gaske ake.

Juma'a ta biyar horon Baba ya ƙare. Ya zo bakin get da tiyonsa a kafaɗa, cikin rigar aiki, ya koma mazauninsa na da a kan gaɓa ya ciro carbi. Aka ja tuta, aka jeru. Ciyaman ya hango shi, ya matsa, wannan karon bai rusuna sosai ba.

Ya ce, "Baba, an fara fa. Ka san doka."

Baba ya ce, "Ai na yi."

"Wancan karon ne. Kowace Juma'a ake yi."

Baba ya dube shi da mamaki na gaskiya, ba na zolaya ba. Ya ce, "Nawa yana nan, ban karya ba. Ku da kuke sabuntawa duk sati, na wancan satin lalacewa yake yi?"

Wani a sahun baya ya yi tari. Da aka zo kiran suna, ba a tsallake na Baba ba, kuma daga ranar ba a sake neman ya tashi ba.

Na taso daga makaranta na same shi a gona. Ya tuge busassun tumatir ya tara a gefe, ya gyara fangula, ya shuka masara, don ita kaɗai ce za ta iya kamo damina. Ana ta kiran farko na sallar Juma'a daga nesa sa'ad da ruwa ya iso, yana tura tarkacen kara a gabansa. Dattijo mai albasa yana tsaye da keke yana jiran Baba. Na tsaya daga baya, don tun ranar ban sake taɓa tiyon nan ba.

Baba ya sauke su daga kafaɗa ya miƙo min duka huɗun.

Ya ce, "Sa, Malam. Na yau namu ne."